Yadda Ake Neman Haƙora Da Ƙasusuwan Halittun Zamanin Da A Ramukan Fosfat

In kana Zariya ne kake karanta wannan, to tun yanzu kar ka ɓata ƙarfinka kana tona gindin Kufena ko duwatsun hanyar Kano da sunan neman ƙashin halittun zamanin da, ba za ka samu ba. Ƙasar Zazzau a kan tsohon dutse take zaune, irin wanda ya narke a cikin ƙasa ya daskare, shi kuwa irin wannan dutsen ba ya ajiye ƙashi ko haƙori. Abin da kake nema yana cikin dutse mai hawa-hawa ne, wanda asalinsa laka ce da yashi suka kwanta a ƙarƙashin ruwa, kuma a cikin irinsu babu wanda ya kai gadon fosfat, wato shimfiɗarsa a cikin ƙasa, tara haƙora.

Fosfat ɗin nan ka san shi ko ba ka san sunansa ba, shi ne ake sarrafawa a yi takin supa, shi ne kuma harafin P ɗin da ke jikin buhun NPK. Dalilin da ya sa yake cike da burbushin halittu mai sauƙi ne, ƙashi da haƙori su kansu da sinadarin fosfat aka gina su. Teku marar zurfi mai yawan kifi, ƙasa ba ta zubowa da yawa daga tudu, sai haƙora da ƙasusuwa da kashin kifaye su yi ta taruwa a wuri ɗaya shekaru aru-aru har su zama gado guda. Shi ya sa duk inda ake haƙar fosfat na teku, Maroko ne ko Togo ko Fulorida ta Amurka, za ka iske masu tsintar haƙora suna bin bayan masu haƙa.

Mataki na farko shi ne ka san inda za ka nufa. Mafi kusa da mu Sakkwato ce, kusan kilomita 400 daga nan in ka bi ta Funtuwa da Gusau da Talata Mafara. Mutane da yawa ba su yarda in an faɗa masu, amma akwai lokacin da teku ta ratso Sahara ta malale yankin Sakkwato da Tawa ta Nijar har Mali, kuma shaidarta tana nan kwance. Masana duwatsu sun sa wa hawa-hawan ƙasar sunayen garuruwanmu ne, akwai na Taloka, na Dukamaje, na Wurno, na Dange, na Kalambaina. Na Dange shi ne mai ƙwallayen fosfat da jifsam, wani ma'adini mai laushi da ake sawa a siminti, a cikin laka mai ɓarewa falle-falle, a nan ake samun haƙoran kifi da ƙasusuwan kada da kunkuru. Na Kalambaina kuma farin dutse ne da ake siminti da shi, shi ya fi ba da kwanson dodon koɗi da sauran masu ɓawo. Na Dukamaje ya girme su biyun, daga cikinsa aka fito da wani ƙaton ƙadangaren teku da aka raɗa wa suna Goronyosaurus nigeriensis, sunan Goronyo da Najeriya ke nan a jikinsa, tun 1930 aka fara bayaninsa sannan aka ba shi wannan sunan a 1972. Abin na ba ni takaici wallahi, ɗalibin jiyoloji, wato ilimin duwatsu, a Italiya ya san wannan sunan, yaron da aka haifa a Goronyo bai taɓa jin sa ba.

Wanda kuma Allah ya hore masa tafiya waje, babbar cibiyar wannan harka Kuribga ce a Maroko, wajen kilomita 120 daga Kasabalanka, inda kamfanin fosfat na ƙasar, OCP, yake haƙa tun 1921. Maroko ce ke riƙe da kusan kashi 70 cikin 100 na fosfat ɗin duniya, daga can ma ake kawo mana shi don haɗa taki tun yarjejeniyar da Najeriya ta ƙulla da ita a 2016.

Na biyu, izini da tsaro, kuma wannan ba abin tsallakewa ba ne. Kowa ya san halin da gabashin Sakkwato da hanyar Zamfara suke ciki, wajajen Goronyo da Rabah da Wurno ba wurin da baƙo zai ɗauki jaka ya faɗa daji ba ne. Ka yi tafiyar rana, ka tambayi 'yan gari halin da ake ciki a satin nan ba na watan jiya ba, in suka ce kar a shiga to magana ta ƙare, haƙorin da ya yi shekara miliyan 60 yana jira zai iya ƙara shekara ɗaya. In wurin lafiya lau ne, ka fara da gidan mai gari ko hakimi, ka yi gaisuwa yadda ya kamata, ranka ya daɗe ga abin da ya kawo ni, ka nuna hoton irin abin da kake nema a waya, don in ba haka ba za a ɗauka zinare ka zo nema ko wani asiri. Ka nemi a haɗa ka da wanda yake haƙar jifsam ko fosfat a wurin, ka sallame shi da kyau, mutanen nan sun san kowane rami kuma sun daɗe suna ganin abubuwan suna watsarwa. Filin kamfani kuwa ba a shiga sai da takarda, ko a nan ko a Maroko. Sannan ka sani dokar ma'adinai ta 2007 ta ce duk ma'adinin da ke cikin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, tsintar haƙora kaɗan a sarari daban, buɗe rami da loda buhuna daban. Hanya mafi sauƙi ga ɗan Zariya ita ce ya leƙa sashen jiyoloji na ABU a Samaru ya yi tambaya kafin ya tashi, su aikinsu ne fita daji da ɗalibai.

Lokaci kuma, bayan ɗaukewar damina ya fi, Oktoba zuwa Disamba, ruwa ya wanke tulin ƙasa ya fito da sababbi kuma ba a shiga zafin bazara ba. Zafin Sakkwato a Afrilu yana wuce 40, ba wasa.

Kayan aiki ba su da tsada, rabinsu suna gidanku. Ƙaramar guduma, kurfi ko tsohuwar sukudireba, rariya biyu mai manyan ido da mai ƙanana, tsohon buroshin haƙori, tsofaffin jaridu, ƙananan ledoji, auduga, robobin man shafawa da aka wanke, maka da littafin rubutu. Takalmi rufaffe saboda kunama da maciji, hula, ruwa mai yawa, da takunkumi, don ƙurar fosfat tana ɗauke da 'yar yuraniyom da kadmiyom, ba abin firgita ba ne amma ba a shaƙarta haka kawai, kuma a wanke hannu kafin a ci abinci.

To an iso wuri, yaya ake duban? Kar ka shiga cikin rami, kar kuma ka tsaya a gindin bangon da aka yanka, lakar nan tana ruftawa ba sallama. Tulin ƙasar da aka fitar aka zubar a gefe, shi ne wurinka, shi da ƙananan kwazazzabai da ruwa ya bi. Ka fita da sassafe lokacin da rana take ƙasa-ƙasa, ka ba ta gefe, ka durƙusa sosai, wanda yake tafe a tsaye yana waige-waige ba ya ganin komai. Ka zaɓi wuri ɗan kaɗan kamar taku biyu, ka bi shi da ido a hankali daga ƙasa zuwa sama. Abin da ido yake kamawa da farko sheƙi ne, saboda fatar haƙori ba ta dusashewa, duk ƙasar wurin ta yi fururu sai ka ga wani ɗan tsini yana walƙiya, ruwan zuma ko baƙi ko toka-toka. Minti talatin na farko za ka iya tashi ba ka ga komai ba, da zarar ka tsinci ɗaya idonka ya gane siffar, sai ka ga ashe kana ta taka su.

In ka gama da sama sai ka kawo rariya. Ka ɗebi ƙasar da ta riga ta saki, ka tankaɗe da mai manyan ido, abin da ya zuba ka sake tankaɗewa da mai ƙanana, ka baje ragowar a kan farar takarda ko faranti. Yawancin haƙoran ba su kai ƙwayar shinkafa biyu ba, kuma su ɗin nan ƙanana sau da yawa sun fi manyan amfani wurin masana.

Gane abin da ka samu kuma sai a hankali. Haƙorin kifin shak yana da kai mai sheƙi da gindi marar sheƙi mai ƙafa biyu, wani lokaci da 'yan ƙananan tsinaye a gefe. Akwai wani faffaɗan kifin teku da yake tauna kwanso, nasa haƙorin a shimfiɗe yake, sama sumul ƙasa layi-layi. Na kada zagayayye ne mai tsini. Ƙashin bayan kifi shi ya fi sauƙin ganewa, kamar ɗan ƙaramin kalangu yake, tsakiya a tsuke, kai da gindi a lotse. Guntun ƙashi in ka dubi inda ya karye za ka ga ƙananan ramuka, dutse ba ya yin haka. Akwai kuma wasu mulmulallu masu ɗan murɗewa, waɗannan kashin dabbobin ne ya zama dutse, kar ka yar, a cikin wasunsu ana ganin ƙayar kifin da dabbar ta ci. Wasu suna cewa a ɗora a harshe in ya manne ƙashi ne, ni dai ban ba ka wannan shawarar ba a ƙasar fosfat.

Yanzu ga matakin da ya fi kowanne muhimmanci a wurina, kuma shi aka fi yi wa sakaci, rubutu. Kafin ka ɗaga abu ka ɗauki hotonsa a inda yake, ka ajiye biro a gefe don a gane girmansa, ka buɗe taswirar waya ka adana wurin, sannan ka rubuta a 'yar takarda: kwanan wata, sunan ƙauye, a tuli aka tsinta ko a jikin bango, launin ƙasar, me ke samanta me ke ƙasanta. Takardar ta shiga leda ɗaya da abin, kuma kar ka haɗa na wuri biyu. Ga dalili. Shekara miliyan 66 da suka wuce aka yi gagarumar halaka da ta shafe dinoso, wato manyan dabbobin zamanin da masu kama da ƙadangare, da ƙadangarun tekun nan, kada da kunkuru da shak suka tsira. Hawan Dukamaje kafin halakar ne, na Dange bayanta. Ke nan haƙori ɗaya tak, in an san daga wane hawa ya fito, zai iya nuna wa ya rayu wa ya mutu a tekun Sakkwato, in kuwa ba a sani ba ya zama abin ado a kan tebur kawai. A Maroko ma haka ne, mahaƙa suna kiran gadajen da lamba, na uku shi ne mai ƙadangarun teku, a can aka samu dinoso irin su Chenanisaurus da aka bayyana a 2017, na sama da shi kuma su ne masu manyan haƙoran shak da tsofaffin kakannin giwa.

In ka ci karo da ƙasusuwa a jere, ko muƙamuƙi da haƙora a jikinsa, don Allah ka cire hannunka. Kar ka ce bari in ciro ɗaya in nuna, hoto, alamar wuri, ka rufe da ƙasa kaɗan, ka sanar da sashen jiyoloji na ABU ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko hukumar binciken duwatsu da ma'adinai ta ƙasa, NGSA, da ke da ɗakin gwaji a Kaduna. Irin wannan da filasta ake naɗe shi a ɗauko da ƙasarsa gaba ɗaya, aikin kwanaki ne.

Da ka dawo gida kar ka yi saurin zuba su a ruwa. Haƙori tsura ana iya wanke shi da buroshi, amma wanda yake manne a laka in ya sha ruwa lakar kumbura take ta tarwatse da shi. Busasshen buroshi da allura sun isa, kana yi kana hurewa nesa da fuskarka. In abu ya karye, farin gam na kafinta da aka ɗan tsarma da ruwa ya fi sufa gulu, don farin gam ana iya warware shi daga baya. Ban da fenti, ban da man goge farce. Ka sa wa kowanne lamba, lambar ta dace da ta littafinka, ka ajiye a roba da auduga inda damshin damina ba ya kai.

Wanda ya je Maroko zai saya kuma ya buɗe ido, kasuwar tana da na gaske tana da haɗe-haɗe. Wanda aka fi yi shi ne muƙamuƙin ƙadangaren teku, haƙoran na gaske ne amma an jera su ne a cikin yashi da gam, za ka gane in ka ga sun yi tsaf a layi girmansu ɗaya, kuma in ka kankare gindin da farce yashin yana sauka. Haƙori guda-guda ya fi aminci ga mai fara tarawa. Manyan ƙwarangwal kuma hukuma tana sa ido a kansu, a 2017 sai da aka dakatar da gwanjon wani a Faris aka mayar da shi Maroko, don haka ka tambayi ƙa'idar fita da kaya kafin ka biya kuɗi, kuma ka sa mai sayarwa ya rubuta maka sunan wurin da lambar gadon da aka ciro shi.