Zaren ɗinki mai narkewa: don Allah ku daina jan shi da hannu

Wallahi na gaji da maimaita magana ɗaya wa masu jego a nan Agege, shi ya sa na ce bari kawai in rubuta. An yi miki CS, wato aikin ciro jariri ta ciki, ko ƙari, likita ya ce zaren da kansa zai narke, bayan suna ki duba ki ga yana nan daram, sai hankali ya tashi wai an cuce ki. 'Yar'uwa zare ba sukari ba ne a shayi. Zaren Vicryl da aka fi ɗinke ciki da shi yakan kai kwana 56 zuwa 70 kafin ya ɓace. Vicryl Rapide da ake yawan ɗinke ƙari da shi, ƙarfinsa na ƙarewa cikin sati biyu amma narkewa sai wajen kwana 42. Chromic catgut, wanda ake yi da hanjin tumaki ko shanu, wajen kwana 90, PDS kuwa har wata shida. Kafin a sallame ki ki tambayi nas wanne aka sa miki.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne jan zaren. Ƙanwata ƙullin zaren ya leƙo yana mata ƙaiƙayi, wata maƙwabciya ta ce ai ya ruɓe, ta kawo reza ta yanke ta fizge, ashe fata ce kawai ta haɗe a sama, ciki ɗanye ne, washegari wajen ya buɗe yana ruwa, daga nan mugunya da zazzaɓi, muka koma asibiti ana wanke ciwo kullum ga jariri na kuka ga kuɗin magani da sai da muka ci bashi. Haba jama'a! Wa ya aike ki? Ƙulli in ya dame ki, ki je nas ta datse kansa da almakashi mai tsabta, aikin minti ɗaya ne.

Sai ruwan wankan jego. Iyayenmu mata ina girmama ku, amma tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya a kan sabon ɗinki ƙuna yake yi, ba warkarwa ba. Ni masu jegona ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙamshi nake sa su yi, a tsane da tawul mai tsabta, a bar wajen ya sha iska, don gumin Legas kaɗai ya isa ya jiƙa ciwo.

Dettol tsantsa, man zafi, toka, babu ko ɗaya. Jarkar ruwa ki bar wa maigida har sati shida. Kar ki ɗaure ciki da zani tamau a kan ɗinkin CS. Kar kuma ki aika yaro kemis a haɗo miki kafso.

In wajen ya yi ja ya kumbura, yana wari ko mugunya, ko zazzaɓi ya rufe ki, ki tafi asibiti ranar, ko da dare ne.