Ɗakin da za ku tarar a can

Duk ƙarshen damina, idan ɗalibai masu tafiya Ingila suka zo yi mini sallama a Samaru, tambayata ta farko ɗaya ce: kun ga girman ɗakin da kuka kama? Yawanci dariya suke yi.

Wanda ya tashi a birnin Zazzau bai taɓa ɗaukar ɗaki a matsayin gida ba. Hira a zaure, girki da shanya a tsakar gida, ɗaki na barci ne da ajiya. A can kuwa ɗaki guda shi ne komai. Tun 2018 dokar Ingila ta ce a gidan hayar haɗaka mai lasisi, ɗakin kwanan babba ɗaya kada ya gaza murabba'in mita 6.51, na mutum biyu kuma 10.22. Sa gadon mutum ɗaya, santimita 90 da 190, ka ƙara teburin karatu, ka ga abin da ya rage.

To, ƙannena, ma'aunina darduma ce. Ranar da kuka shiga, kafin ku kwance akwati, ku nemo alƙibla. Kada ku fuskanci gabas kamar a gida, daga Ingila kudu maso gabas take. Ku shimfiɗa darduma, ku yi sujada, ku tabbatar kai bai bugi ƙafar gado ba. Wannan filin ya zama hurumi. Duk kayan da sai an ja shi gefe kafin a yi salla, ya yi wa ɗakin yawa. Ido ƙasa yake fara kallo, in ya ga fili sai zuciya ta saki, ko da ɗakin bai fi akurki ba.

Kaya su hau sama ko su shige ƙarƙashi. Akwatuna ƙarƙashin gado, maratayi a bayan ƙofa. Dabarar da na fi so kuwa daga gida za ku tafi da ita: ku sayi tumtum na fata, ku tafi da shi ba ciko, ba ya cin komai daga kilo 23 ɗin jakar jirgi. A can ku cusa masa rigunan sanyi da bargon da ba a amfani da shi. Kun sami kujerar baƙo, kun sami ma'aji. Mu da muka saba zaman ƙasa, me ya kai mu sayen doguwar kujera don an sa ta da arha a Facebook?

Mata, ku yi haƙuri, jere ba na can ba ne. Ni ma na je da kuloli na gani na faɗa, suka ƙare a kan kabad suna shan ƙura. Tukunya biyu sun isa.

Sai haske. A Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi a Landan, kuma duhu na ƙara matse ɗaki. Labule mai kauri irin namu na tare rana da ƙurar hunturu ba shi da aiki da rana. Ku sa mai shara-shara, ku jingina dogon madubi yana kallon taga, ku ƙara ƙaramar fitila a lungu. Na ce jingina da gangan: ƙusa a bango na iya jawo a zaftare muku kuɗin ajiyar da ake ba mai gida kafin a shiga, wanda kan kai hayar mako biyar. Akwai maƙalai masu gam da ake ɓarewa ba tabo.

Kada ku tura gado ya toshe hitar ɗumama ɗaki, kada kuma ku mai da ita igiyar shanya taga a rufe, bango zai yi fumfuna.

Turaren wuta kuwa, ku dubi silin tukuna. Na'urar gano hayaƙi ba ta san ƙamshi ba. Satina na biyu ta tara mini mutanen gida kaf a bakin ƙofa, ina tsaye da kasko a hannu.