Yadda Za Ka Fara Sa Hannu A Gyaran MuseScore

Masu koyar da mawaƙan coci da samarin situdiyo a Garwa da Marwa suna rubuta kiɗa da manhajar MuseScore, amma kaɗan ne suka san kowa na iya sa hannu a gyaranta. Werner Schweer ne ya fara ta a 2002, kuma kod ɗinta, wato rubutun umarnin da aka gina ta da shi, duk yana buɗe a GitHub, shafin da masu gina manhaja ke ajiye aikinsu. Akwai wata manhajar rubuta kiɗa ma, LilyPond, tun 1996, sai dai ita da rubutu zalla ake sarrafa ta, ga yaren kwamfuta na Scheme a ciki. Ni ba na tura sabon shiga can.

Kada ka taɓa kod tukuna. Ɗauki waƙar da ka haddace, ka rubuta ta cikin MuseScore har da baitocinta, da ɗ da ƙ da ɓ, ko ŋ in ta Fulatanci ce. Fitar da ita a PDF da MusicXML, tsarin fayil na musayar rubutun kiɗa, ka sake buɗewa. Masu gwada haruffanmu ba su da yawa, shi ya sa abin da idonka ya kama yake da daraja. In ka ga matsala, duba a GitHub ko wani ya riga ka kai rahoto. In babu, faɗi sigar da kake amfani da ita, da abin da ka danna ɗaya bayan ɗaya, ka haɗa ɗan ƙaramin fayil. Da Turanci ake rubutawa, ko da da Faransanci ka yi boko. Gajerun jimloli sun isa.

Inda mutane ke zubewa shi ne harhaɗa manhajar a kwamfutarsu, wato mayar da kod ɗin ya zama manhaja mai aiki. Da yaren kwamfuta na C++ da Qt, kayan gina fuskar manhaja, aka gina ta, kuma sai ka sauke Qt da CMake, mai tsara harhaɗawar, kafin komai ya motsa. Qt na cin data sosai, ka nemi wurin da ke da wayifai ko ka sayi ta dare, kada sefarka ta ƙare a banza. Sauke ainihin sigar Qt da bayanin aikin ya ambata. Wanda ya ce sabuwa ta fi, zai kwana yana karanta saƙon kuskure. Harhaɗawar farko tana iya cin awanni a tsohuwar laftof, ga zafin watan Afrilu. Cika batir, ɗaga ta daga kan katifa ta sha iska, rufe burauza. In wuta ta ɗauke ana tsaka, kada ka goge komai, sake ba da umarnin za ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Ta tashi? Nemi aiki a GitHub da aka yi wa alamar "good first issue", wato wanda ya dace da sabon shiga, ka sanar cewa ka ɗauka. Sa hannu a yarjejeniyar masu ba da gudummawa, ware reshe naka, wato kwafin kod da za ka yi aiki a kai, gyara abu ɗaya tak, ka tura. Za a dawo maka da gyara, ka yi ba tare da musu ba. Wanda C++ ya fi ƙarfinsa ya nufi Transifex, can ake fassara manhajar.