Yadda Za a Tattauna da Samari da 'Yan Mata a Kan Cin Zarafi a Soyayya

Idan aka tambayi yarinya 'yar shekara 16 a Tudun Wada ko Sabon Gari a Zariya ko saurayinta ya taɓa cin zarafinta, amsar da aka fi samu ita ce a'a, domin bai taɓa ɗaga mata hannu ba. A fahimtar yawancin matasa, mari da duka da fyaɗe su kaɗai ne cin zarafi, duk abin da bai kai nan ba kuwa sunansa kishi ko kulawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2021 cewa kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 da suka taɓa yin soyayya ko aure sun sha duka ko tilastawa daga abokin zamansu, wannan ƙididdiga kuma ba ta haɗa da zagi da tsoratarwa da takurawa ba. Saboda haka mai son ya kare yaran gidansa sai ya fara da sanin inda su yaran suka ja iyaka, kafin ya ce zai yi musu nasiha.

Da farko a duba wanda ya dace ya yi maganar. A gidajen Zazzau da dama akwai kunya tsakanin iyaye da 'ya'ya, musamman ɗan fari, kuma ba a gyara wannan da umarni. Yarinyar da ba za ta iya ambaton sunan saurayinta a gaban mahaifinta ba tana iya zayyana wa gwaggonta ko kakarta ko yayarta komai, haka nan yaro ya fi sakin jiki da kawunsa ko wani wansa da ya girme shi da 'yan shekaru. A zaɓi mai riƙe sirri, a kuma zaɓi lokacin da hannu yake kan wani aiki, kamar lokacin kitso ko tsintar shinkafa ko tafiya kasuwa, domin zaman da aka kira musamman yakan sa yaro ya ɗauka tuhumarsa za a yi.

Kada a buɗe da tambayar ko tana da saurayi, kuma kada a fara da wa'azi. A kawo labarin wasu a nemi hukuncinta. A ce, ga wata yarinya saurayinta ya karɓi lambar sirrin wayarta yana bincika saƙonninta kullum, ya hana ta zuwa bikin ƙawarta, ya ce in ya kira sau biyu ba ta ɗauka ba to akwai wanda take saurare. Me kike gani game da shi? Daga nan a yi shiru a saurara. Da wuya a rasa jin cewa ai so ne ya kawo haka, wanda ba ya kishinki ba ya sonki. Kada a yi mata dariya ko tsawa, domin abin da take ji ke nan a wurin ƙawaye, wani lokaci ma a bakin manyan mata a tsakar gida. Abin da ya fi amfani shi ne a bi ta da tambayoyi masu sauƙi: shin yarinyar nan tana jin daɗi in ta ga kiransa, ko gabanta ne yake faɗuwa? Tana iya ce masa a'a ba tare da ta kwana tana ba da haƙuri ba? Ƙawayenta sun ƙaru tun da suka haɗu, ko sun ragu? A ganina wannan tambaya ta faɗuwar gaba ta fi kowace tasiri, domin yarinya tana iya kare halin saurayinta da baki, amma ta san abin da jikinta yake yi in wayar ta yi ƙara.

Da samari kuwa, maganar takan tsaya ne a kan kuɗi. Yaron da ya tara abin da ya samu a gareji ko shagon ɗinki ko tuƙin Keke Napep ya yi toshi, ya saya mata kati da data da kayan Sallah, yakan ɗauka cewa ya sayi iko a kanta, in ta juya masa baya sai ya ce ta ci amanarsa, abokai a majalisa kuma su zuga shi cewa kada ya yarda a mayar da shi sakarai. A gaya masa a fili cewa kyautar zance ba sadaki ba ce, kuma ko sadakin ma ba ya halatta cutarwa, tunda Manzon Allah (SAW) ya hana cuta da cutarwa, ya kuma ce a nemi izinin budurwa kafin a aurar da ita. Wadda shari'a ta ce sai da yardarta za a ɗaura mata aure, babu yadda za a yi kuɗin kati ya ɗaure ta. A tambaye shi abin da zai yi in wani ya tare ƙanwarsa a lungu yana zaginta saboda ta ce ba ta yi. Sannan a ba shi dama ya faɗi nasa, domin akwai samarin da 'yan mata suke wulaƙanta su a gaban jama'a, ko suke yi musu barazanar shan guba in sun rabu, su kuwa ba sa faɗa saboda tsoron a yi musu dariya.

Waya tana buƙatar magana ta daban. Matsa wa yarinya ta turo hoton jikinta, da yi mata barazanar watsa shi a WhatsApp ko TikTok, laifi ne da dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadar wa hukunci. A koya wa yara cewa in haka ta faru kada su goge saƙonnin, su adana su, kuma kada su biya kuɗi ko su sake tura wani hoton da zaton za a ƙyale su.

Wuri mafi wuya shi ne ranar da yarinya ta buɗe baki ta faɗi gaskiya. In abin da ta samu shi ne duka da ƙwace waya da cire ta daga makaranta, ko a ce a gaggauta aurar da ita ga wanda ya cuce ta don a rufa asiri, to an koya mata da ƙannenta cewa shiru ya fi. Masu cutar da 'yan mata sun san wannan sarai, shi ya sa babban makaminsu shi ne cewa za su gaya wa babanta. A fara da ce mata an yarda da maganarta kuma ba za a bar ta ita kaɗai ba. Gyaran kuskurenta, in akwai, yana iya jira har hankali ya kwanta.

Akwai alamomin da ba a yi musu jinkiri: wanda ya taɓa shaƙe ta, ko ya nuna mata wuƙa, ko yake bin ta hanyar makaranta da Islamiyya, ko yake cewa in bai same ta ba babu wanda zai same ta. Lokacin rabuwa ya fi kowane lokaci haɗari, don haka kada a bar ta ta je ta sallame shi ita kaɗai, ko ta fita zancen bankwana da dare. Manya su tattara kayan da ya ba ta su mayar wa iyayensa a gaban mai unguwa, a samar mata abokin tafiya na wani lokaci, in barazana ta ci gaba a kai rahoto ofishin 'yan sanda tare da saƙonnin da aka adana. Jihar Kaduna ta amince da dokar hana cin zarafin mutane a 2018, bayan ta tarayya ta 2015, kuma dokar ta shafi tsoratarwa da bibiya da cutarwa ta baki, ba duka kaɗai ba. A 2020 jihar ta ƙara tsananta hukuncin fyaɗe.

In abin ya kai ga fyaɗe, asibiti ne farko kafin zaman sulhu ko shawarar dangi. Akwai cibiyar Salama a babban asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan a Zariya, inda ake duba waɗanda aka yi wa irin wannan ta'asa, a kuma ba su shawara. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne in an fara shan sa cikin awa 72, saboda haka a tafi a ranar, kafin ta yi wanka in zai yiwu, a kuma riƙe tufafin da ke jikinta ba tare da an wanke su ba, domin likita da 'yan sanda za su buƙace su a matsayin shaida.