Kurakuran da aka fi yi in an gayyato mai zane ko mai sana'ar hannu makaranta

Na daɗe ina koyarwa a firamare, na ga an kawo mana mai zane, an kawo maginiyar tukwane, har marini an taɓa kawowa, kuma wallahi kusan kuskure ɗaya ake ta maimaitawa. Baƙo ya tsaya gaban allo yana nuna gwanintarsa, yara sun kai saba'in sun zuba masa ido, hedimasta na ɗaukar hoto da waya, har a kaɗa ƙararrawa ba yaron da hannunsa ya taɓa kala. To me aka yi kenan? Nuni kar ya wuce minti biyar, daga nan a raba kaya kowa ya kama nasa. Kuma don Allah malam mai zane, in ka ga yaro ya karkace layi kar ka karɓe fensirin ka gyara masa a takardarsa, ɗauko wata takardar ka nuna masa a gefe. Da zarar ka zana a kan nasa ya daina kallon abin a matsayin aikinsa, za ka ga ya naɗe hannu kawai.

Sai maganar lokaci, nan ne aka fi kwafsawa. Firiyod ɗaya minti 35 ne ko 40, rabon kaya da wankin hannu kaɗai sun cinye rabi. A haɗa firiyod biyu, ko baƙon ya dawo sau uku ko huɗu, musamman in aikin yumɓu ne, don yumɓu ba ya son gaggawa. Wata shekara da hunturu muka gina ƙananan tukwane da 'yan aji huɗu, aka jera su a baranda rana na duka iska na kaɗawa, washegari duk sun tsattsage, wata yarinya ta ɗauki nata ya rabe biyu a hannunta ta fashe da kuka, har yau abin na raina. Ashe a inuwa ake shanyawa, a lulluɓe da leda ko tsumma mai ɗanshi su bushe a hankali kwana da kwanaki kafin a yi zancen gasa su a wuta. Rini ma haka, a karofin Ƙofar Mata da ke Kano sai ganyen baba da toka sun yi kwanaki a jiƙe kafin su nuna, don haka marini ya zo da ruwansa a haɗe. Ku bari yaran su tsoma ƙyallen da kansu su ga yadda yake fitowa kore-kore, iska na bugunsa yana komawa shuɗi, ihun da suke yi a nan ba a magana. In kuwa rinin kanti ne mai soda, dole safar hannu.

Fentin mai kuma a bar shi, sai da kananzir yake fita, ga wari, ga yunifom ya lalace iyaye su zo da faɗa. Kalar ruwa ta isa, in ba kuɗi ga gawayi, jar ƙasa, farar ƙasa, a dama da ƙaro a yi a bayan kwali. Tun ana gobe a ce kowa ya zo da tsohuwar riga.

Wani abin da baƙi ke mantawa, akwai iyayen da ba sa son zanen abu mai rai, kuma ba a shiga musu da su a kan wannan. Ai muna da namu, dagi, zayyanar bangon gidajen Zariya, zanen hula, zayyanar allon sauka, adon ƙwarya. Ni nakan ciro naira ashirin in nuna musu Ladi Kwali, shahararriyar maginiyar tukwane, tana ginin tukunya a bayan kuɗin, nan take 'yan matan ke gyara zama.

Malamin aji kar ya ga baƙo ya zo ya sulale ofis, shi ya san sunan yara, shi ya san mai kunyar da ba za ta taɓa ɗaga hannu ba, kuma shi zai ci gaba da aikin in baƙo ya tafi. A kuma yi ciniki da mai sana'ar tun farko, kuɗin mota da na kaya da ladansa, ranar kasuwarsa ya bari ya zo, "Allah ya saka" kaɗai ba ta kai shi gida.

Ayyukan yaran kuma kar a tattara a jibge a sito gara ta cinye. A rubuta sunan kowa a jiki, a ɗaura igiya a bangon aji a rataye su har ranar taron iyaye, bayan nan kowa ya tafi da nasa gida.