Kafin ku mayar da wayar da ta lalace shago

Salamu alaikum 'yan'uwa. Makon jiya ƙanwata ta sayi waya a babbar kasuwar Garwa da ke Kamaru, kwana uku ta daina ɗaukar caji. Da muka koma, mai shago ya ce ai ba wayarsa ba ce. Abin da ya cece mu shi ne lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, da na sa aka rubuta a kan rasit ranar saye.

Don Allah ku riƙe wannan. Kafin ku miƙa kuɗi, ku danna *#06# a wayar, lambar IMEI mai adadi 15 za ta fito. Ku duba ta yi daidai da ta jikin kwali, sannan mai shago ya rubuta ta a rasit, da kwanan wata da tsawon garanti, ya buga hatimi. Garantin fatar baki ba ya zuwa ko'ina. Kwalin ma a adana shi, kada yara su mayar da shi abin wasa.

In abu ya samu matsala, kada ku fara kai shi wurin mai gyara na bakin titi. Da zarar an kwance shi, mai shago ya samu hujjar ƙin karɓa. Haka ma talabijin ko firji da wuta ta ƙona bayan an ɗauke an dawo da ita da ƙarfi, yawanci garanti ba ya ɗaukarsa.

Kamaru tana da dokar kare masu saye tun 2011. In lallami ya ƙi, shugaban 'yan kasuwar layin ma ya kasa sasanta ku, ku ɗauki rasit ku je ofishin ma'aikatar kasuwanci na yankinku ku shigar da ƙara.