Yadda ake raba gardamar Kirk da Spock a fada ba tare da an ɓata ba

Musu ba baƙon abu ba ne a Tawa. Duk wanda ya taɓa zama a fada, wato majalisar da abokai ke haɗuwa shan shayi da hira, lokacin gasar takobi ya san yadda ake raba dare ana ja-in-ja a kan wane ɗan kokawa ne ya fi wani, sai dai ita kokawa tana da sauƙi guda, domin da zarar an yi kaye magana ta ƙare. Musun da ya shigo fadarmu tun ranar da wani ƙanenmu ya dawo daga Yamai da tsohon shirin talabijin na tafiye-tafiye a sararin samaniya, Star Trek, a katin wayarsa, wato musun wa ya fi wani tsakanin taurarinsa Kirk da Spock, ba shi da kaye, saboda haka ya ɗauke mu makonni, har sai da wasu abokai biyu suka yi kwana uku ba sa gaisawa a kan mutanen da ba su san da zamansu a duniya ba. Ni aka ɗora wa raba gardamar, kuma abin da na koya a wannan aiki shi ne zan shimfiɗa wa duk wanda irin wannan nauyi ya faɗo a kansa.

Ka fara da shata iyaka tun kafin a ɗora butar shayi a kan gawayi. Ana magana ne a kan shirin asali, wanda Gene Roddenberry ya ƙirƙira, gidan talabijin na NBC a Amurka ya fara nunawa ranar 8 ga Satumba 1966, aka kuma dakatar da shi a 1969 bayan zango uku da kashi 79. Finafinan da suka biyo baya da sababbin shirye-shiryen da suka gaji sunan ana iya kawo su a matsayin ƙarin bayani, amma idan ka bari suka zama tushen magana, za ka tarar kowa yana kare abin da ɗan'uwansa bai gani ba. Haka kuma wanda bai kalli ko da kashi biyar ba sai ya haƙura ya yi sauraro, ko ya riƙa hura wuta.

Abu mafi muhimmanci, wanda kuma mutane suka fi tuntuɓe a kansa, shi ne bambanta sunaye huɗu. Akwai Kirk, kyaftin ɗin kumbon Enterprise, akwai kuma William Shatner wanda ya fito a matsayinsa. Akwai Spock, mataimakinsa mai kunnuwa masu tsini wanda rabin jininsa na mutanen duniyar Vulcan ne, akwai kuma Leonard Nimoy. Biyu daga cikinsu marubuta ne suka ƙaga su, biyu kuwa 'yan Adam ne masu iyali da albashi da kishi. Na tuna daren da wani matashi ya miƙe yana cewa Kirk mai son kai ne, yana ƙwace wa abokan aikinsa magana. Wani dattijo malamin lakwal mai ritaya, wanda kowa ke kira Mushe, ya ajiye kofinsa ya ce: "Ɗana, a wane kashi ne ka ga Kirk ya ƙwace wa wani magana?" Yaron ya sosa ƙeya ya ce: "Baba, ai Shatner nake nufi." Mushe ya ce: "To ka kira shi da sunansa, kada ka ɗora wa kyaftin laifin wani." Tun daga ranar, duk wanda zai yi magana sai na tambaye shi wanne daga cikin huɗun yake nufi, kuma wannan tambaya kaɗai ta rage rabin hayaniya.

Akwai wani tarko da ya shafe mu mu 'yan Nijar musamman. Yawancinmu da Faransanci muke kallon shirin, wato muryar da muke ji ta wani ce dabam da aka ɗora a kan hoton. Shatner ya yi suna da wata irin magana mai tsayawa a tsakiyar jimla sannan ta zabura, Nimoy kuma da murya mai zurfi wadda ba ta hawa ba ta sauka. Wanda bai ji muryoyinsu na ainihi ba, rabin wasansu kawai ya gani. Saboda haka idan gardama ta koma kan wa ya fi iya wasa, ka sa a nemo kashi ɗaya da Ingilishi a saurara, ko da ba kowa ne zai fahimci kalmomin ba.

Daga nan sai a shiga batun farin jini, inda ya kamata ka fi daɗewa, domin a nan ne hujjoji suka fi yawa. Ka hana kowa auna farin jinin 1967 da ma'aunin yau. Magoya bayan Spock suna da abin faɗa mai nauyi. Shi ne ya riga Kirk shiga shirin, tunda Nimoy yana cikin kashin gwaji na farko da NBC ta ƙi karɓa, lokacin da Jeffrey Hunter ne kyaftin. Manyan gidan talabijin ɗin sun ji tsoron kamannin Spock, suna ganin masu kallo za su ce ya yi kama da Shaiɗan, har suka sa aka gyara kunnuwansa da girarsa a hotunan wata takardar talla. Amma da aka fara nuna shirin, sai wasiƙun masoya suka riƙa kwarara zuwa ga Nimoy fiye da kowa, har da wanda aka ɗauka a matsayin babban tauraro. An kuma saka sunan Nimoy cikin 'yan takarar lambar yabo ta Emmy sau uku a jere, daga 1967 zuwa 1969, alhali Shatner bai samu shiga takarar ba ko sau ɗaya saboda wannan shiri. Shi Shatner, lambobinsa na Emmy sai a 2004 da 2005 ya same su, a wasu shirye-shirye na lauyoyi da ba su da alaƙa da sararin samaniya.

Kada ka bari a rufe bakin mutanen Kirk da wannan, domin su ma ba hannu rabbana suka zo ba. Gwaji na biyu, wanda Shatner ya jagoranta, shi ne ya sa NBC ta amince da shirin. Sunansa ne ke fara fitowa a kowane kashi, muryarsa ce ke buɗe shirin, kuma a zangon farko ana biyansa dala 5,000 a kowane kashi yayin da Nimoy ke karɓar 1,250 (dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba, don an taɓa yi mini wannan tambaya da gaske). Wannan tazara ce ta sa Nimoy ya nemi ƙari kafin zango na biyu, har masu shirin suka fara tunanin wanda zai maye gurbinsa. Hujjar da na fi ganin ƙarfinta a wajen mutanen Kirk ita ce, sanyin Spock ba ya armashi sai an ajiye shi kusa da mai zafin jini. Shahararren marubucin almarar kimiyya Isaac Asimov ya hango haka, domin da Roddenberry ya nemi shawararsa a kan yadda Spock ke neman shafe kyaftin, ya ba shi shawarar a haɗa su su zama aminai, ta yadda duk wanda ya tuna ɗaya zai tuna ɗayan. A nawa hukuncin, wanda na faɗa a gaban kowa, Spock ya fi farin jini a zamanin shirin, amma wannan bai nuna cewa da an cire Kirk shirin zai tsaya da ƙafarsa ba.

Batun gaba tsakanin 'yan wasan shi ne inda zuciya ke tashi, kuma a nan dole ka raba shi gida biyu, domin tsamin da ke tsakanin Shatner da Nimoy dabam yake da ƙorafin sauran abokan aiki a kan Shatner. Na farko kishi ne irin na sa'o'i. Kwana huɗu ne tsakanin haihuwarsu, Shatner ranar 22 ga Maris 1931 a Montreal ta Kanada, Nimoy ranar 26 ga watan a Boston. Shatner da bakinsa ya amsa daga baya cewa yawan wasiƙun Nimoy ya dame shi. Amma su biyun sun riƙa ba da labarin yadda Shatner ke ɓoye wa Nimoy keken da yake hawa zuwa cin abincin rana suna dariya, kuma da mahaifin Shatner ya rasu ana tsakiyar ɗaukar wani kashi a 1967, Nimoy yana cikin waɗanda suka tsaya kusa da shi. A 1997 Nimoy ne babban abokin ango a auren Shatner. Wanda ya kawo kishin ya ɓoye amincin bai yi adalci ba, haka ma wanda ya yi akasin haka.

Na biyun ya fi ɗaci. James Doohan, wanda ya fito a Scotty injiniya, da George Takei, wanda ya fito a Sulu, sun daɗe suna zargin Shatner da janye kyamara zuwa kansa da rage musu kalmomi. Lokacin da Shatner ke tattara bayanai don littafin tarihin shirin da ya fitar a 1993, Nichelle Nichols, wadda ta fito a Uhura, ta faɗa masa ƙiri-ƙiri cewa abokan aikinsa suna jin haushinsa, Doohan kuwa ya ƙi zama da shi sam. A nan ka tunatar da fada yadda aikin yake a wancan zamani. Sunaye biyu ne kawai ke fitowa a farkon shiri a zangon farko, aka ƙara na DeForest Kelley, likita McCoy, a zango na biyu. Sauran a ƙarshe ake rubuta su, kuma ba a kowane kashi suke fitowa ba. Girmansu ya ƙaru ne bayan an daina shirin, lokacin da aka riƙa maimaita shi a tashoshi, masoya kuma suka fara manyan taruka irin wanda aka yi a New York a Janairun 1972. Don haka Shatner yana tuna su a matsayin waɗanda ke zuwa aiki jefi-jefi, su kuma suna tuna shi a matsayin wanda ya tare musu hanya, kuma mai yiwuwa ne kowannensu gaskiyar abin da ya gani yake faɗa.

Ga ƙa'idar da nake bi wajen karɓar shaida: duk wanda ya kawo labari sai ya faɗi wa ya faɗe shi, a wace shekara, kuma a gaban wa. Maganar da ɗan wasa ya rubuta a littafinsa shekara ashirin da biyar bayan faruwar abu tana da daraja, amma a tuna cewa littafi sayarwa ake yi, kuma rigima tana jawo kasuwa. Abin da aka faɗa a dandalin taron masoya don a ba mutane dariya, a ɗauke shi a matsayin raha. Wanda kuwa ya ce a Facebook ya gani, ba tare da sanin mafari ba, sai a ba shi shayi a wuce. Ko Nimoy kansa an yi masa gurguwar fahimta, domin da ya fitar da littafi a 1975 mai taken da ke cewa shi ba Spock ba ne, mutane da yawa sun ɗauka ya tsani rawar da ta ɗaukaka shi, har sai da ya sake wani a 1995 mai cewa shi ne Spock.

Ka shirya wa batun jana'iza, don babu makawa wani zai tayar da shi. Nimoy ya rasu ranar 27 ga Fabrairu 2015 yana da shekara 83, kuma Shatner bai halarci jana'izarsa ba saboda yana wani taron tara kuɗin agaji a Florida, sai 'ya'yansa mata ne suka je. A wajenmu, inda mutum ke rufe shago ya hau mota daga Yamai zuwa Tawa don gaisuwar mutuwa, wannan abu ne mai nauyi ƙwarai, kuma ba na hana kowa faɗin cewa bai ji daɗinsa ba. Shatner ya bayyana a littafin da ya rubuta a 2016 cewa a shekarun ƙarshe Nimoy ya daina yi masa magana, kuma abin ya tsaya masa a rai. Iyakar abin da za a faɗa ke nan. Da zarar wani ya fara bayyana abin da ke cikin zuciyar mamaci, ka katse shi.

Idan ka ga jijiyoyin wuya sun fara tashi, ka karkatar da magana zuwa wani shiri na zamanin, wato Lost in Space, wanda CBS ta nuna daga 1965 zuwa 1968. A can ma Guy Williams aka ɗauka a matsayin tauraro, amma Jonathan Harris, wanda ya fito a mugun likita Smith, ya janye hankalin masu kallo har labarin ya koma kansa shi da yaron gidan da mutum-mutumin ƙarfe. Da yake babu wanda ya ɗauki ɓangare a wannan, mutane sukan tattauna shi cikin natsuwa, sannan su dawo kan nasu da sanyin jiki.

Wajen rufewa, kada ka yi ƙuri'a guda. Ka yi uku dabam-dabam: wane ne aka fi so a cikin labarin, wane ɗan wasa ne ya fi gwaninta, sannan wane ne mutum zai so ya yi aiki tare da shi. A fadarmu Spock ya lashe ta farko, ta biyu aka yi kunnen doki, ta uku kuwa Mushe ya ɗaga hannu ya ce shi DeForest Kelley ya zaɓa, tunda a duk tsawon musun bai ji wanda ya kawo ƙararsa ba, sai kusan kowa ya bi shi. Ɓangaren da ya sha kaye a ƙuri'ar farko shi muka ɗora wa sayen sukari da gawayin mako mai zuwa, muka kuma ba shi damar zaɓen kashin da za a kalla, suka zaɓi wanda Kirk ya yi dambe da wani dodo mai kama da ƙadangare a cikin duwatsu.